Tsakanin Babu da Cin Amana



Mafi yawan rigingimun da ake kawowa zauren dattijonmu a Bilbalogho na bashi ne. Na aure da na gado suna zuwa, amma ba su kai rabin ƙurar da kuɗi ke tayarwa ba. Ni ke riƙe da littafin da ake rubuta su, saboda haka kunnena ya saba da maganganu biyu da kusan kowane zama ke ƙarewa a kansu. Wanda ake bi ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi Baba, babu ce." Mai bin bashi ya zabura ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙarya yake yi, rashin tsoron Allah ne kawai." Sau da yawa kuma kowannensu yana da rabin gaskiya a hannu, ya ɓoye rabin da bai yi masa daɗi ba.

Ina ganin irin wannan gardama a shafukan Facebook, amma a can an raba ta gida biyu, kowa ya shiga nasa ya rufe ƙofa. Wasu sun ce talaka shi ya so talaucinsa, lalaci ne da mutuwar zuciya, ai ga wane ya fara da tallan goro a faranti, yau yana da manyan motoci. Wasu sun ce babu laifin kowa, zamani ne, gwamnati ce, Turawa ne, duk wanda ya ci kuɗin wani yunwa ce ta sa shi. Da masu wannan da masu waccan za su zo su zauna a tabarmar zaure daga hantsi zuwa azahar, na tabbata da sun rage kaifin baki. Wanda bai taɓa ganin magidanci mai furfura yana kuka a gaban yaron da ya haifa da cikinsa ba, a kan jaka hamsin, yana iya faɗin duk abin da ya ga dama game da lalaci. Wanda kuma bai taɓa ganin gwauruwa ta zo neman kuɗin marayunta a hannun mutumin da ya sayi sabon babur a makon ba, yana iya ɗora wa zamani komai.

Kakanninmu da suka kafa zango a wannan gari fatake ne, masu bin hanyar Gwanja daga Kano da Katsina da Sakkwato, suna kai kanwa da tufafi, suna dawowa da goro daga Salaga. Sun yada zango a ƙasar Moro Naba, har unguwarsu ta ɗauki sunan da Mosawa ke kiran Bahaushe da shi, aka ce Zanguwetin. Fataucin nan bai tsaya a kan tsabar kuɗi ba. Baƙo ya sauka gidan mai gida, mai gida ya tsaya masa, dillali ya sayar da kaya lamuni, a biya bayan wata ko bayan ayari ya juyo. Babu banki, babu takardar shaida mai hatimi. Jarin mutum sunansa ne. Har yau haka muke: mahauci ya karɓi sa da safe ya biya da yamma, mai kilishi ya ba yara su zaga gari su kawo ciniki da dare, mai atamfa ya ba mata dilar kaya su kai gidajen biki. Don haka idan bashi ya lalace a tsakaninmu, abin da ya karye ya wuce kuɗin da ake magana a kai.

Wanda ya kai shekaruna ya ga lokutan da mutane suka wayi gari matalauta ba da hannunsu a ciki ba. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Faran ɗin Faransa da ake saya sefa 50 ya koma 100 a dare ɗaya. Wanda ya karɓo kaya bashi daga waje ya kwana ana binsa miliyan ɗaya, ya tashi ana binsa biyu, alhali bai ƙara ko ƙyalle a shagonsa ba. Sai kuma 2003, shekarar da har yanzu tsofaffinmu ke lissafi da ita. Ranar 27 ga Mayu wuta ta cinye babbar kasuwar Rood Woko, ba a sake buɗe ta ba sai 2009. Kafin shekarar ta fita kuma aka fara rushe Zanguwetin da unguwannin da ke maƙwabtaka da ita saboda shirin ZACA, aka watsa mutane zuwa Nioko da gefen Waga 2000, nesa da tsakiyar gari inda abincinsu yake. Akwai magidanta da suka rasa rumfa da gida a cikin wata bakwai. Tsohuwar da ke sayar da fura a ƙofar gida ta sami sabon fili, amma masu sayen furarta ba su bi ta can ba. Ranar 1 ga Satumba 2009 ruwan da ya haura milimita 260 ya sauka cikin yini ɗaya, ya kwashe gidajen laka da buhunan hatsi da ke cikinsu, har asibitin Yalgado bai tsira ba. Wa zai dubi waɗannan mutane ya ce musu malalata?

Amma ko a cikin gobarar nan, dattawa ba su yarda a shafe komai da kalmar ƙaddara ba. Kowa ya san yadda aka cushe hanyoyin kasuwar da tebura da kaya, har motocin kashe wuta suka sha wahalar kutsawa. Kowane mai tebur ya matsa taku ɗaya ne kawai don neman abin sawa a baki, amma takun nan da aka tara su suka toshe hanya. Bayan wutar kuma an ga mutane iri-iri. Akwai wanda kayan mutane suka ƙone a rumfarsa, ya je gida gida tun toka ba ta huce ba, ya faɗi abin da ya ƙone da abin da ya tsira. Akwai kuma wanda rabin kayansa na ajiye a gida, wuta ba ta gan su ba, amma ya rantse duk sun tafi, ya mai da musibar jama'a mayafi. A ido dukansu 'yan gobara ne, kuma dukansu sun ce babu. Sama da shekara ashirin ke nan, har yau in an ambaci gidajen nan biyu a wajen neman lamuni, amsar da ake bayarwa ba ɗaya ba ce.

Abin da na fahimta a tsawon zaman da na yi ina rubutu a gefen dattijo shi ne, talauci yana ɗauke wa mutum laifin asara, amma ba ya ɗauke masa laifin abin da ya aikata bayan asarar. Rasa kuɗi kan zo daga sama, ba shawara. Kashe waya kuwa, da canza hanyar zuwa masallaci don kada a haɗu, da aiko yaro ya ce ba ya nan, da rantsuwa a kan abin da ba haka ba, duk waɗannan da hannun mutum ake yin su, kuma ba sa buƙatar ko dala. Faɗin gaskiya ba ya cikin kayan da suka yi tsada.

Malamanmu na fiƙihu sun riga mu tsefe wannan magana, wanda duk ya zauna gaban malami ya karanta Risala ko Muhtasar ya ci karo da ita. Sun bambanta rance da ƙiradi. Idan ka ba mutum rance, kuɗinka na wuyansa ko ya ci riba ko ya faɗi, sai dai ba ka da ko sisi a ribarsa. Idan kuwa jari ka ba shi ya juya ku raba riba, to shi amintacce ne: in dukiya ta halaka ba da sakacinsa ko ƙetare iyakarsa ba, asarar kuɗi taka ce, shi kuma ya yi asarar guminsa. A mazhabarmu ta Malikiyya, in ma ka gindaya masa sharaɗin lamunce uwar kuɗi, ƙiradin ya ɓaci. Shi ya sa tambayar farko da dattijo ke yi wa mai ƙara ita ce, "Alhaji, ranar da ka miƙa masa kuɗin nan, rance ka ce ko jari?" A nan ne murya kan yi ƙasa. Da yawa daga masu hannu da shuni suna son su zama abokan tarayya ranar riba, su rikiɗe su zama masu bin bashi ranar asara. Shekara uku mutum yana karɓar rabin riba yana sa albarka, ranar da kaya suka nutse sai ya ce shi bai san wani jari ba, kuɗinsa yake so cif. Wannan ma cin amana ne, ko da yake mai yin sa yana sanye da babbar riga, kuma ba a cika kiran sa da sunansa ba.

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka da kafa shaidu. Mu kuwa a wajenmu in ka ce a rubuta, sai a ce ka raina mutum, ka mai da shi baƙo. Rabin shafukan littafina da ba su cika ba da an yi rubutun layi uku tun farko. Ayoyi biyu kafin ita kuma, an umarci mai bin bashi ya jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami sauƙi, aka nuna masa yafewa ta fi. Hadisi kuma ya kira jan ƙafar mawadaci wajen biya zalunci. Mai bin bashi ya haddace hadisin, wanda ake bi ya haddace ayar, kowa ya riƙe nassin da ke kan abokinsa. Laifi tudu ne, in ji Hausawa.

Akwai wata ƙissa a Muwaɗɗa da nake so masu shaguna da masu gidajen kilishi su riƙa tunawa. Bayin Haɗibu ɗan Abi Balta'a sun saci taguwar wani mutumin Muzaina suka yanka. Aka kai magana gaban Sayyidina Umar. Da farko ya yi umarnin a zartar musu da haddi, sai ya duba ya gane ubangijinsu ne ke barin su da yunwa. Ya janye hukuncin, ya juya kan Haɗibu, ya tambayi mai taguwa kuɗinta, aka ce dirhami 400, ya sa Haɗibu ya biya 800. Imamu Malik ya bayyana cewa ba a aiki da ninka ƙimar a Madina, amma wannan bai shafe abin da ƙissar ke nunawa ba: alƙali ya ɗaga ido daga hannun da ya ɗauka, ya nemi wanda ya jawo yunwar. A nan unguwa an sha kawo yaron shago da laifin taɓa ciniki. In an bincika sai a tarar shekara huɗu yana buɗe shago da asuba yana rufewa bayan isha, ba albashi, sai kuɗin abincin rana da alkawarin za a sallame shi wata rana. Mahaifiyarsa na ƙauye ba lafiya, ya roƙa an ce ya yi haƙuri kasuwa ba daɗi. Dattijo ba ya cewa yaron bai yi laifi ba, yakan sa shi ya mayar. Amma yakan sallami jama'a, ya riƙe mai shagon, ya ce masa, "Alhaji, zauna, da sauran magana." In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Sai dai kada mu yi wa kanmu daɗin baki. Wani talaucin mu muke saƙa shi da hannunmu, mu sa wa junanmu. Mutumin da cinikinsa na yini bai wuce abin cefane ba, ranar da zai aurar da 'ya sai an ga gado da kujeru da jeren kwanoni irin na gidan Alhaji wane. Matarsa ta shiga adashi uku, ta kwashi na farko, zubi ya gagara, uwar adashi ta biyo ta har gida. Ragon Layya da Shari'a ta ɗora wa mai iko kaɗai, sai a karɓo shi bashi don kada yara su ga hayaƙi a gidan maƙwabta, a ci nama kwana uku, a yi wata biyar ana ɓuya. In ka tambayi mutum me ya kai shi, sai ya ce kunya. To kunyar wa? Tamu ce, mu da ke zaune a bakin hanya muna ƙirga akwatunan lefe. Wanda ya ci bashin biki yana da laifinsa, amma bakin da zai yi masa dariya in bai ci ba shi ma a rubuta masa kasonsa. Ban taɓa ganin an kawo wannan baki ƙara zaure ba.

Na samari kuwa ya fi ba ni tsoro. An ba yaro jari ya sayar da takalma, ya ga ribar jaka ɗaya a yini ba za ta kai shi ko'ina ba, sai ya zuba a cacar dawaki ko ta ƙwallo a waya, yana cewa in ya ci zai mayar har da ƙari. In ta ƙare sai ya gudu ramin zinariya. Irin wannan ba ya cikin waɗanda ayar jinkiri ta yi wa rumfa a matsayin marasa laifi, domin ya ƙetare iyakar abin da aka ba shi amana a kai. Duk da haka in na dubi yaron, na tuna ya tashi ya ga ubansa ya yi shekara talatin yana gaskiya bai mallaki ɗaki ba, nakan gane daga inda gaggawar ta fito. Ganewa dabam, wankewa dabam.

Yanzu kuma ga halin da hanyoyi suka shiga. Tun da rashin tsaro ya kama ƙasar nan daga 2015, mutum fiye da miliyan biyu sun bar gidajensu, kasuwannin dabbobi na arewa da mahautanmu suka dogara da su sun raunana. Hanyar Fada zuwa Kancari da muka sani ta zuwa Yamai ta zama abin tsoro, manyan motoci sun koma bin Kaya da Dori da Tera, suna jiran rakiyar soja kwana da kwanaki. Wannan ya haifar da irin rigimar da iyayenmu ba su san ta da wannan kama ba, ko da yake su ma sun san jiran ayari.

Wata da aka kawo mana ta isa misali. Wani attajiri ya ba wani saurayi kuɗi ya sayo albasa a Galmi, a wuce da ita Kumasi, su raba riba. Sun yi haka sau da dama lafiya. A wannan karon saurayin ya kira daga can ya ce ana maganar rakiya za ta yi jinkiri, ko a dakata? Mai kuɗi ya ce a ɗora, farashi na tashi a Gana. Mota ta tsaya jira cikin zafi, albasa ta fara ruwa tana tsiro. Da aka iso Wagadugu fiye da rabi ta ruɓe. Saurayin ya tsince mai kyau ya sayar a nan da arha, wanda shi ne daidai, don da an wuce da ita da ba a tsira da ko buhu ba. Sai ya iske mahaifiyarsa a kwance a asibiti. Ya ɗebi kuɗin albasa ya biya magani, tsoro ya kama shi, ya kashe waya mako uku. Shi kuma attajirin ya ɗauki hotonsa ya watsa a zaurukan WhatsApp na 'yan kasuwa, da rubutu a ƙasa cewa ga ɓarawo.

Zaman ya ɗauki yini biyu. Attajirin ya nemi kuɗinsa duka. Da aka tambaye shi rance ne ko jari, ya yi shiru, domin akwai waɗanda suka sha ganin ana raba riba. Saƙon muryar da ya ce a ɗora kaya kuma yana nan a wayar yaron. Dattijo ya ce abin da ya ruɓe ya ruɓe a kan mai dukiya. Kawun saurayin ya miƙe ya ce to kuɗin asibiti ma a yafe, ai lalura ce, rai ake ceto. Liman ya ce masa, "Malam, lalura tana ɗauke zunubi, ba ta ɗauke haƙƙin wani. Wanda yunwa ta kai shi ga cin abincin maƙwabcinsa bai yi saɓo ba, amma in ya samu zai biya." Aka rubuta kuɗin a kansa, zai riƙa kawo jaka 15 duk wata. Sannan dattijo ya juya ga saurayin ya ce, "Ɗana, albasa ba ta ba ni haushi ba, kuɗin magani ma bai ba ni ba. Mako ukun nan fa? Da ka kira shi daga ƙofar asibiti, da yau ba mu zauna nan ba." Yaron bai ce komai ba, hawaye kawai. Aka umarci attajirin ya koma duk zauren da ya sa hoton ya janye maganarsa da bakinsa. Ya yi a biyu, ya ce ya manta sauran.

Ni a ganina hukuncin ya yi daidai, amma bai kai inda ciwon yake ba, kuma babu zauren da hukuncinsa zai kai can. Kalmar ɓarawo ta riga ta zaga Sankariyare da kasuwannin gari kafin janyewar ta sa takalmi. Saurayin yana kawo kuɗinsa kan lokaci, ni nake karɓa ina rubutawa, wata bakwai bai saɓa ba. Amma har yau ba wanda ya sake ba shi ko buhu ɗaya lamuni, har da waɗanda suka zauna a zaman suka ji yadda aka yi da kunnensu. In an yi maganarsa sai su ce, ai ka san yaron nan da ya taɓa samun matsala. Attajirin kuwa ya sami wani yaron, mota tana kan hanya. Na tambayi ɗaya daga manyan 'yan albasa me zai hana ya gwada shi da kaɗan, tun da ga littafi yana shaidar biyansa. Ya ce, "Malam, ni ma kuɗin mutane ne a hannuna." Ban iya ce masa ƙarya yake yi ba. Saurayin yanzu yana tura baron ruwa a unguwa, daga nan yake haɗa jaka goma sha biyar ɗin, saura wata tara ya gama.